Rana Tana Gashi, Likita Yana Gashi

Jama'a, duk wanda ya taɓa raka majinyaci sashen gashi na ɗaya daga cikin manyan asibitocin ƙasar nan a watan Maris ko Afrilu, ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da masana suke kira sauyin yanayi, gama ya gani da idonsa. Tun da sassafe za ka tarar benci ya cika maƙil. Ga dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, 'ya'yansa biyu sun tallafo shi, ga matar da ta goyo yaro ɗan shekara huɗu wanda har yau wuyansa bai tsaya ba, ga kuma saurayin da ya faɗo daga babur, an kwance masa ɗaurin karaya amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Kafin layi ya zo kan rabinsu rana ta take, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cik, kwanon rufi ya ɗau zafi kamar tanda. A cikin wannan hali ne za a ce wa dattijon nan, "Baba, daure ka miƙe, ka taka sau goma." Shi kuwa numfashi ma da ƙyar yake yi.

Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna a kansa a wannan mako, domin ana yawan maganar ɗumamar duniya kamar wani abu ne da ya shafi ƙanƙarar ƙasashen Turawa kaɗai, ko kuwa manoma da makiyaya, alhali kuwa ta riga ta shigo har cikin ɗakin da ake koya wa mutum tafiya bayan ya kwanta ciwo.

Da farko dai bari mu gyara wani kuskure da sunan ya jawo. Mu Hausawa mun raɗa wa wannan fanni suna gashi, ko gashin ƙashi, saboda abin da muka fara gani ke nan: fitila mai ja ana haska wa mutum a baya, kamar yadda iyayenmu mata suke gasa targaɗe da tsumma da ruwan zafi. Amma gashi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Ainihin aikin shi ne mayar wa jiki motsinsa, watau a koya wa hannun da ya mutu kama cokali, a hana gaɓa sandarewa, a taimaki mai ciwon ƙirji ya fitar da majina, a sāke koya wa mutum zama da tsayuwa da taku. Aikin ya shigo Nijeriya a 1945, lokacin da aka kawo ma'aikata biyu daga Ingila zuwa asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a 1959, Jami'ar Badun ta fara ba da digiri a kansa a 1966, sa'an nan aka yi dokar kafa hukumar da take yi musu rajista a 1988. Duk da wannan daɗewa, har yanzu likitocin gashi ba su wuce 'yan dubbai ba a ƙasar da take da mutum fiye da miliyan 200, kuma galibinsu suna birane.

To, tun da motsa jiki shi ne maganin, mene ne yake faruwa idan garin ya yi zafin da motsi kansa ya zama hatsari?

Jikin ɗan Adam yana son zama a kan digiri 37, ba ya son ya wuce nan sosai. Idan mutum ya motsa, tsokarsa tana ƙara samar da zafi, sai jiki ya nemi fitar da shi ta hanya biyu: ya turo jini zuwa fata, ya kuma yi gumi. Turo jinin nan aikin zuciya ne, saboda haka sai ta ƙara gudu. Gumi kuwa ruwan jiki ne, kuma mai aikin ƙarfi a cikin rana yana iya zubar da lita guda a cikin awa ɗaya. Idan ba a mayar da ruwan ba, jini yakan yi kauri, kaurin jini kuwa yana sauƙaƙa daskarewarsa a cikin jijiya, wanda shi ne asalin mafi yawan shanyewar ɓarin jiki. Lafiyayyen saurayi yakan jure wa duk wannan. Amma dubi waɗanda suke kan bencin nan. Dattijon yana shan maganin hawan jini, wataƙila irin wanda yake sa yawan fitsari. Wataƙila haɗiya ma tana yi masa wuya tun da ciwon ya same shi. Sa'an nan ga wani abu da masu jinya suka sani amma ba a cika faɗa ba: da yawa daga cikin irin waɗannan dattawa da gangan suke rage shan ruwa, don kunyar kada su riƙa tayar da 'ya'yansu ko surukansu a kai su bayan gida. Kunyar nan ta kirki tana iya kai mutum kabari a cikin bazara.

Wanda lakarsa ta taɓu, musamman daga wuya ko saman baya, halinsa ya fi wannan tsanani, gama sashen jikinsa da yake ƙasa da raunin ba ya yin gumi yadda ya kamata, kuma ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi. Yana zaune a kan kekensa jikinsa yana dahuwa bai sani ba. Wanda yake kwance kuwa, damshin gumi da na fitsari a ƙarƙashinsa su ne suke jiƙa fata har ta saɓule ta zama gyambon kwanciya, gyambon da yakan cinye wata da watanni bai warke ba. Mai amosanin jini, ƙarancin ruwa a jiki yana daga cikin abubuwan da suke tayar masa da ciwo. Mai ƙafar roba, gumi yana taruwa a cikin kwarmin da dungun yake shiga, ya goge fata, har ya ajiye ƙafar ya koma rarrafe.

Kada wani ya ce ai zafin bazara ba yau aka fara ba. Gaskiya ne, amma awo ya nuna ya ƙaru. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2024 zafin duniya ya ɗara na zamanin da ba a fara masana'antu ba da kimanin digiri ɗaya da rabi, kuma tun da aka fara ajiye lissafi ba a taɓa ganin irinsa ba kafin wannan shekara. Ran 3 ga Afrilu na shekarar, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya gawa 102 a cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 aka samu, kuma da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne. Bayan wata biyu, a aikin hajjin wannan shekara, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce alhazai 1,301 sun rasu. Sakkwato da Maiduguri da Nguru da Yola ba su da nisa da irin wannan awo.

Abin da yake ba ni takaici shi ne, gyaran farko ba ya cin ko sisin kwabo. Mene ne ya hana sashen gashi ya sauya lokacin aikinsa a watannin bazara, a fara da ƙarfe bakwai na safe, a ga tsofaffi da masu ciwon laka da masu ciwon zuciya tukuna, a bar masu ƙarfi zuwa hantsi? Manomi ya san wannan dabara, ba ya kai azahar a gona a irin wannan lokaci. Mu ne muka gāji agogon ofis daga Turawa muka riƙe shi kamar wahayi. Haka kuma randa ko tulu a bakin ƙofa, da tambayar kowane majinyaci ko ya sha ruwa kafin a ɗora shi a kan keken motsa jiki, da koya wa masu jinya alamun hatsari: jiri, ruɗewar magana, fitsari ya yi ja ya ƙanƙance, fata ta yi zafi. Sai dai wanda likita ya ƙayyade wa shan ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, wannan ya koma ya tambayi likitansa, kada kuma kowa ya daina shan maganin hawan jini da ra'ayin kansa.

Dakatar da gashin gaba ɗaya har damina ta faɗi kuwa, kamar yadda wasu iyalai suke yi, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan abin da zai dawo masa yana dawowa ne a cikin wata uku zuwa shida na farko. Idan aka bar shi kwance a wannan lokaci, kafaɗa ta sandare, yatsu suka dunƙule, agara ta janye, to, ruwan sama ba zai warware su ba.

Akwai kuma maganar ƙwayoyin kashe ciwo. Leburan da bayansa yake ciwo ba ya zuwa asibiti, kemis yake zuwa, a haɗa masa diclofenac ko ibuprofen, ya watsa a baki ya koma ɗaukar bulo a cikin rana. Irin waɗannan magunguna suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, rashin ruwa a jiki ma haka yake yi, idan suka haɗu kuwa ƙoda ce take biyan bashin. Ga wani abin al'ajabi a gefe guda: wannan diclofenac ɗin shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da Pakistan. Ana yi wa shanu allurarsa, in sun mutu ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulayen suka ƙare kafin a gano dalili a 2004, Indiya kuma ta hana ba dabbobi shi a 2006. Abin da ya yi wa ungulu haka, ai bai kamata a riƙa shansa kamar gyaɗa ba. Duk ciwon bayan da aka magance da motsa jiki da gyaran yadda ake ɗaukar kaya, an rage wa ƙoda nauyi ke nan.

Zafi ba shi kaɗai ba ne. Hazon hunturu yana tayar da fuka, hayaƙin itace a madafa yana cin huhun mata da na jariran da suke goye, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Sanƙarau, wanda yake tashi a lokacin zafi da ƙura, yakan bar waɗanda suka tsira da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, kamar yadda aka gani bayan annobar 1996. In rijiyoyi suka ƙafe kuma, tafiyar ɗiban ruwa takan ƙara nisa. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, yarinya 'yar shekara goma sha biyu take ɗora ta a ka, ɗan garuwa kuwa yana tura goma ko fiye a cikin kura. Wuya da ƙugu da gwiwa suna lissafi, za su kawo takardar bashin bayan shekaru.

Ambaliya kuwa, mutanen Maiduguri sun fi kowa sani. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye babban yanki na birnin, ya raba mutum fiye da 400,000 da gidajensu, ya shiga har asibitin koyarwa na jami'a ya lalata na'urori. Ba zan ɗora wa sauyin yanayi laifin duka ba, gama madatsa abu ce da ake dubawa a gyara. Amma tambayata ita ce: a daren nan, da aka ce kowa ya yi ta kansa, wa ya ɗauki gurgu? Mai ƙafa ya gudu ya bar keke da sanda da ƙafar roba a cikin ruwa, ko da an tsamo mai su. A sansanin gudun hijira kuma ana rabon shinkafa da tabarma da gidan sauro, ba a cika tunawa da cewa akwai wanda ba zai iya isa bayan gidan da aka haƙa ba. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. Tun da abin ya zama na kusan kowace damina, ya kamata hukumomin agajin gaggawa su sa likitan gashi a cikin ayarin farko, su kuma tanadi sanduna da kekuna a rumbunansu. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta ce a jingine ta idan ruwa ya zo ba.

Yanzu bari mu juya ɗaya gefen kwabon, inda ra'ayina ya ɗan saɓa da na wasu masana. A ƙasashen Turai ana ta kiran asibitoci su rage hayaƙin da suke jawowa. Wata ƙungiya mai suna Health Care Without Harm ta yi lissafi a 2019, ta ce harkar kiwon lafiya ita take da kashi 4.4 cikin 100 na iskar da take ɗumama duniya, da a ce ƙasa ce da ita ce ta biyar. A wannan shekara aka kafa ƙungiyar likitocin gashi masu kula da muhalli ta duniya, a 2020 kuma hukumar asibitocin Ingila ta yi alkawarin share nata kason kafin 2040. Madalla da su. Amma lissafin nan ya nuna fiye da rabin hayaƙin daga Amurka da Sin da Tarayyar Turai yake fitowa, nahiyar Afirka kuwa dukanta, da motocinta da masana'antunta, ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Saboda haka ba zan yarda a zo a ce wa asibitin da yake haskawa da tocila ya rage shan wuta ba. Tsoho mai ciwon laka a Sakkwato yana da hakkin ɗaki mai sanyi daidai da na London.

Sai dai kuma an yi dace, hanyar da ba ta cin wuta ita ce sau da yawa ta fi magani. Majinyatanmu sun ɗauka cewa in ba a haska musu fitila ba, ko ba a manna musu waya mai tsirawa ba, to ba a yi musu komai ba. Za ka ji tsohuwa tana cewa, "Ɗan nan, yau ba ka sa mini wutar ba, sai wahalar da ni ka yi." Wasu asibitocin kuɗi kuma sun gane haka, suna jera na'urori don a ga dalilin biya. Alhali kuwa hukumar da take tantance hanyoyin magani a Ingila, bayan ta auna binciken da aka yi, ta ba da shawara a 2016 cewa kada a yi wa mai ciwon baya aiki da na'urar sauti mai ratsa tsoka, ko wayar nan mai tsirawa, ko injin jan baya, ko ɗamarar ƙugu, ta ce motsa jiki shi ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a Disambar 2023 game da daɗaɗɗen ciwon baya. Ban ce a zubar da na'urori ba, ɗumi yana sassauta ciwo, kuma akwai cututtukan da na'ura take da amfani a kansu. Amma sashen da yake rufe aiki don babu man janareta, musamman tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, ya manta cewa jarinsa na gaskiya hannun ma'aikaci ne da iliminsa. Abin da ya fi bukatar wuta a ɗakin nan shi ne fanka da firjin ruwa, waɗannan kuwa 'yan faifan sola kaɗan sun ishe su.

Haka zancen kayan taimako. Sau nawa aka yi bikin rabon kekunan guragu da aka shigo da su daga waje, irin waɗanda aka ƙera don daɓen asibiti, bayan wata shida ka gan su a jibge, taya ta fashe, babu kayan gyara? Keke mai ƙafa uku da masu walda suke ƙerawa a Kano da Kaduna, da yawansu ma su kansu masu shan inna ne, yana shiga yashi da taɓo, in ya lalace mai facin bakin titi ya gyara shi da kayan keken hawa. A Indiya, a 1968, wani likita da wani masassaƙi a birnin Jaipur suka haɗa kai suka ƙera ƙafar roba mai araha, wadda mai ita zai iya tsugunawa, ya zauna a ƙasa, ya shiga gona ba takalmi, domin sun lura ta Turawa an yi ta ne don mai zama a kujera. Mu da muke salla da cin abinci a tabarma, wace ce ta fi dacewa da mu? A Zimbabuwe kuma wani malami mai suna Bevill Packer ya fito da hanyar yin kujeru da tebura da kwali da tsofaffin jaridu da kokon fulawa, yau ana yi wa yaran da wuyansu bai tsaya ba kujerar zama da abin tsayuwa da ita a ƙasashe da dama. Kwalin da muke ƙonawa a bola yana iya zaunar da yaron da uwarsa ta shekara huɗu tana goyo. Sharaɗi ɗaya ne, ma'aikaci masani ya auna yaron ya duba zaman, domin kujerar da ba ta dace ba tana iya karkatar da ƙashin baya.

Abu mafi nauyi a wuyan iyali kuwa shi ne tafiya. Mutum yana ƙauye, sashen gashi yana babban birnin jiha, an ce ya zo sau biyu a mako. Kuɗin mota na mutum uku, da awa biyu a cikin motar da aka cusa mutane kamar buhuna, a tsakiyar rana, duk don aikin minti talatin. Ba a yin wata guda sai su gaji su koma wajen mai tofi ko su bar wa Allah. Da za a ɗauki ɗa ko 'ya ɗaya a gidan a koya masa sosai, yadda ake juya majinyaci kowace awa biyu, yadda ake miƙar da hannu ba tare da fizgar kafaɗa ba, yadda ake tayar da shi daga tabarma, a ɗauki hoton motsin a wayarsa ya tafi da shi, sa'an nan a riƙa dawowa sau ɗaya a wata, da an rage mai, an rage kuɗi, an kuma ƙara yawan motsin da majinyacin yake samu. Gora biyu da aka kafa a tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya suna yin aikin ƙarafan nan biyu na koyon tafiya da suke asibiti. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar a Mayun 2023 cewa a shigar da irin wannan aiki cikin ƙananan asibitocin da suke kusa da jama'a, Nijeriya kuma tana cikin hukumar. Gwamnatocin jihohi su ne masu ɗaukar ma'aikata, kuma kowace shekara jami'o'inmu na Kano da Maiduguri suna yaye matasan da suka karanci wannan fanni, wasu suna zaune ba aiki, wasu suna neman bizar Ingila da Saudiyya. A fara da likitan gashi ɗaya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a ba shi babur da zai zaga ƙauyuka da sanyin safiya, tun kafin bazara mai zuwa ta kama.